Su Wancan Sun Ci?

Kowa ya yi kuskure a kan maganar ƙwallon nan, ni kuma na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina gyara musu. Gwaggo ta ce caca nake yi a waya. 'Yan ajinmu na sakandare da suka rage a gari sun ce saurayi na yi a ƙasar waje. Mai gyaran waya na bakin kasuwar Roni cewa ya yi iyayi ne, wai ƙwallon Turai da kowa ke kallo ta yi min kaɗan, sai na tsallaka Amurka. Babu ɗaya a ciki. Ƙwallo ba ta taɓa burge ni ba. Wata huɗu na yi ina bin wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, tun daga yankan gero har tsakiyar sanyi, saboda sai sun ci wasa ake jin muryar Yaya a gidanmu.

Mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo wajenmu bayan rasuwar mijinta. Baba ya rasu ina aji biyu. Yayyena mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Babura, ɗaya a Gwiwa. Ni ce auta, haka ma kowa yake kirana. Yaya shi ne ɗan fari. Ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka, ya gama, ya samu aiki, ya zauna. Sana'armu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk mako ni nake kai wa masu saye a Kazaure.

Inna rainon kakarta ce, Bafulatana, kuma kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ne. Na taso ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko yana zaune a gabanta. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta hira da shi, ba ta shiga ɗakinsa da ke zaure. Ranar da zai tafi kowa ya fita ƙofar gida, har maƙwabta, ita tana gaban kasko. Da ya durƙusa ya ce, "Zan wuce," ƙulin da take juyawa ta kalla ta ce, "Allah ya tsare." Mata suka yi ta yaba mata, wai irinta sun ƙare.

Lokacin da yake gida wannan bai taɓa damun kowa ba, har shi. In an raba nama, a kwanonsa ake samun tsoka. In ya dawo daga makaranta, furarsa tana rufe da faifai, nonon mai maiƙo a sama. Da kwano Inna take yi masa magana, shi ma ya sani. To amma kwano ba ya shiga waya. In ya kira, sai ta miƙe ta kama wani aiki ta ce, "A ce ina amsawa." Gwaggo ta karɓe wayar ta cika shi da labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Shekarar farko duk Juma'a yake kira. Daga baya duk wata. Daga baya sai Sallah zuwa Sallah. In na rubuta masa, "Yaya ina wuni, ya aiki, ya mutanen can," sai bayan kwana biyu in ga, "Lafiya lau Auta. A gaida gida." Wallahi na tsani kalmomin nan. Ko baƙon da ya yi ɓatan lamba zai fi haka magana.

Wata Litinin, ƙarshen damina, ya sa hoto a waya. Yana cikin dubban mutane, sanye da wata ƙatuwar riga mai lamba a ƙirji, bakinsa a buɗe yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Haushi ya kama ni, na rubuta masa, "Wannan wace irin riga ce kamar buhun taki?"

Ban ajiye wayar ba saƙon murya ya shigo. Minti huɗu. Yaya ne, yana magana da sauri irin yadda yake yi da, yana haɗa Hausa da dariya. Wai ƙungiyar garin da yake zaune ce, wani abokin aikinsa ya kai shi kallo, wai jiya suka buɗe kakar wasa kuma sun ci, wai ban san abin da na rasa ba. A tsakar gida na kunna shi, ban rage ƙara ba. Inna tana murza tunkuza tana fitar da mai. Ba ta ɗago kai ba. Amma hannunta ya tsaya cak a cikin kwano, mai yana bin yatsunta, har saƙon ya ƙare. Sannan ta ci gaba da murzawa.

Ni ba doluwa ba ce. A ranar na fara koyon wasan.

A gidanmu wuri ɗaya ne sabis yake tsayawa, tagar ɗakin Yaya mai kallon hanyar Kazaure. Duwatsu sun tare ko'ina. Wasan sau ɗaya ake yi a mako, yawanci ranar Lahadi, yana farawa wajen magaribarmu. Datata ba ta isa in kalla duka, don haka sai Litinin bayan sallar asuba nake shiga ɗakin, in tsaya jikin taga, in duba sakamako, in kalli ɗan guntun bidiyon da suke sakawa. Daga nan in rubuta masa tambaya. Na gane in na yi tambayar wauta ya fi daɗewa yana bayani, sai nake yin ta da gangan ko na san amsa.

Mako na biyu suka sake ci, muka samu minti shida. Mako na uku aka ci su. Na jira har la'asar, abin da ya zo shi ne, "Kai, bari kawai." A rubuce. A nan na fahimci yadda abin yake: in sun ci, murya. In an ci su, layi ɗaya ko shiru.

Litinin ta huɗu na fito daga ɗakin, Inna tana tankaɗe ta juya min baya. Kamar da rariya take magana ta ce, "Su wancan sun ci?"

Na tsaya. Tun tafiyarsa ba ta taɓa tambayar komai a kansa ba. Ba ta ce yana lafiya ba, ba ta ce ya ci abinci ba. Ƙwallo ta tambaya. Na ce, "Sun ci." Ta ce, "To madalla." Da hantsi saƙon ya shigo, na kunna, ta matso da turminta kusa da ni wai rana ta iso inda take.

Gwaggo ce ta kasa haƙuri. Ta ce, "Ke Auta, wannan abin da kike dannawa dare da rana, nawa kika zuba? Ɗan gidan mai unguwa ma da haka ya fara, har babur ya sayar."

"Ba caca ba ce, Gwaggo. Zo ki gani."

Na nuna mata bidiyo. Na ce ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗauka a ruga, ko a jefa wa wani. Ana ba ku dama huɗu ku matsa gaba yadi goma. In kun yi, a sake ba ku huɗu. In kun kasa, ku miƙa wa waɗancan. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida.

"Yadi goma?" in ji Gwaggo. "Ko turmi biyu na atamfa bai cika ba. A kan wannan ƙattin nan suke danne juna? Kuma da hular kwano a ka, babu babur? Ina iyayensu?"

Inna ba ta leƙo wayar ba, amma daga inda take ta ce, "Rikicin iyakar gona ne. Wannan ya matsa, wancan ya maido shi."

Na aika wa Yaya wannan maganar, ya yi dariya har yana tari, ya ce wa ya faɗa. Na ce Gwaggo. Har yau ban san abin da ya sa na ce Gwaggo ba. Ina jin kunyar Inna ce ta kama ni ni ma, ban sani ba.

Kowace ƙungiya tana da mako ɗaya da take hutawa a tsakiyar kaka. Ban san da wannan ba sai da ya zo. Na shiga ɗakin ranar Litinin na tarar babu komai, ba ci ba rashi. Inna ta yi tambayarta, na ce, "Ba su buga ba, hutu suke." Ta ce, "Hutun me? Noma suka yi?" Ranar gidan ya yi tsit. Gwaggo ta tafi barka, ni da Inna muka wuni muna gyaran gyaɗa. Ina zaune sai lissafi ya faɗo min: wasa goma sha bakwai ne duka. In ƙungiya ta yi ƙoƙari, ta wuce zagayen gaba, a ƙara mata mako ɗaya, ko biyu, ko fiye. In ba ta yi ba, farkon Janairu an rufe, sai wata damina. Wato wannan shirun na yau shi zan zauna a ciki wata takwas.

Daga nan abin ya daina zama dabara a wajena. Na fara jin tsoro.

Ana cikin roron wake mai jefa musu ƙwallo ya ji ciwo a kafaɗa. A wasan nan mutum ɗaya ne yake jifa, kusan komai ta hannunsa yake bi. Wanda aka sa a madadinsa kuwa, Allah na tuba, kamar da gangan yake miƙa wa abokan gaba. Aka ci su, aka sake ci, aka kuma. Mako uku babu murya. A na ukun ko layin ma bai zo ba.

Na yi wa Inna ƙarya. Na ce, "An ci su, amma ya ce a gaishe ki."

Ta ce, "Ban ji ba."

"A rubuce ne."

Ta dube ni, irin duban da ba ta cika yi ba, ta ce, "To." Ta san ƙarya nake yi, na san ta sani.

Lahadin da ta biyo baya ta ɗebi ƙuli mai zafi a kwano ta ce in kai wa tsohuwar da ke bayan masallaci. Lahadi ta gaba ma haka. Gwaggo ba abin da yake wuce ta.

"Amarya," haka take kiran Inna har yau, "sadakar Juma'a na sani. Ta Lahadi kuma ta mece ce?"

"Sadaka tana da rana ne, Gwaggon yara?"

"A'a, ba ta da. Amma in don ƙattin nan masu hular kwano kike yi, ki faɗa min in ƙara da gero, don na ga suna cikin wani hali."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki ta shige ɗaki. Gwaggo ta yi ta dariya ita kaɗai. Amma makon nan suka ci, kuma da saƙon ya shigo, Gwaggon ce ta ce, "Ƙaro ƙara, kunnena ba ya ji," alhali tana jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta.

Bari in faɗi nawa, tunda ba wanda ya tambaya. A watannin nan ne sunayen waɗanda aka ɗauka karatu suka fito, babu nawa, karo na biyu. Ƙawayena biyu da muke zama benci ɗaya sun tafi, ɗaya Kano, ɗaya Dutse, kuma hirarsu ta koma ta mutanen da ban sani ba. Ni kuma kaina cike da abin da ba ni da wanda zan faɗa wa. Na san wanda yake tsere, na san wanda yake tare hanya, na san dalilin da alƙali yake jefa ƙyalle rawaya. Ranar da wani ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya yana faɗuwa, ihu na yi ni kaɗai a ɗakin Yaya, na waiga in ga ko wani ya gani, sai tsohuwar katifarsa a naɗe da takalmansa na makaranta. Wata rana a Kazaure, bayan na sauke mai, na tsaya gaban allon wani gidan kallo ina karanta wasannin da aka rubuta da alli. Na tambayi mai wurin ko suna nuna ta Amurka. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Wacce? Ta kokawar nan? Hajiya, wa zai biya ya kalli wannan?" Mazan da ke zaune suka kwashe da dariya. Na hau mota na dawo.

Na faɗa wa Yaya maganar karatuna. A saƙo ɗaya na haɗa, na ce sunana bai fito ba, sannan na tambaye shi yaushe mai jifa zai warke. Ya yi minti uku a kan kafaɗar mutumin da bai san da zamansa ba. A ƙarshe ya ce, "Maganar makaranta kuma kada ki damu, Auta." Shi ke nan. Ban ji haushinsa sosai ba, don ni na koya masa cewa ƙwallo kaɗai muke so mu ji.

Mai jifa ya dawo, suka ci biyu a jere, aka ci su ɗaya, suka sake ci. Aka zo wasan ƙarshe: in sun ci su wuce, in an ci su a tattara. Lahadin nan Inna kwano biyu ta aika.

Litinin na shiga ɗakin na duba. Da maki biyu aka ci su. Na kalli bidiyon. Filin fari fat da ƙanƙara, saura daƙiƙa kaɗan, aka ajiye wa wani ƙwallo ya buga da ƙafa ta bi tsakanin sanduna biyu, maki uku ne da ta shiga. Ta tashi, ta tashi, ta karkace ta wuce ta gefe. Na maimaita sau biyar kamar za ta canza hanya. Da rana saƙonsa ya zo, a rubuce: "Shi ke nan Auta. Sai Satumba in da rai."

Sai Satumba. Mu yake faɗa wa, ba ƙungiyar ba, ko bai sani ba.

Inna ta yi tambayarta a bakin murhu. Na ce, "An ci su. An gama, Inna. Sai wata damina."

"An gama duka?"

"Duka."

Ta ce, "To yanzu a wajen wa za a riƙa…" Ba ta ƙarasa ba. Ta tura itace cikin wuta, wutar da ba ta buƙatar itace.

Kwana uku bayan haka na bar wayata tana caji a ɗakin Yaya, na ɗauki gyaɗa zuwa inji. Gwaggo ta tafi asibiti karɓo maganin ƙafarta. Na tarar mai inji ba shi da mai, na juyo. Ina shiga zaure na ji muryar Yaya. Tsohon saƙo ne, na farkon nan, mai minti huɗu. Na leƙa ta gefen labule.

Inna ce zaune a kan naɗaɗɗiyar katifar, a ɗakin da ba ta shiga. Ba ta iya karatun boko ba, amma wata huɗu tana kallon inda babban yatsana yake taɓawa. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika. Yana magana tana amsa masa. "Na'am." "To." "Haka ne?" Ya yi dariya, ta yi murmushi. Da saƙon ya ƙare ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke. Sannan ta sake dannawa.

Na koma da baya a hankali, na fita waje da kwanon gyaɗar a kaina, na zauna a kan dutsen da ke bayan gida har ƙafata ta yi tsami. Sai da na ji ƙarar muciya na shigo ina tari tun daga nesa.

A kan dutsen nan na gane abin da ya kamata in gane tuntuni. Kunyar Inna ta idon mutane ce. Duk kiran da Yaya ya taɓa yi, ni ce riƙe da waya, Gwaggo tana gefe, wani lokaci har da maƙwabciya. Ina ta ganin kaina a matsayin mai haɗa su, ashe ni ce idon da take jin kunya. Shi kuma yana can yana jin "a ce ina amsawa," babu kwano, babu tsoka, ya ɗauka iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Ba zan jira Satumba ba, ba zan kuma sake dogara da ƙafar wani ƙato a cikin ƙanƙara ba. Jiya na rubuta masa, ban yi kwana-kwana ba. Na ce wadda take tambayar sakamako duk Litinin ba ni ba ce. Na ce maganar iyakar gona ba ta Gwaggo ba ce. Na faɗa masa labarin ƙulin Lahadi. Abin da na gani ta gefen labule ne kawai ban faɗa ba, wannan nata ne. Na ce Lahadi mai zuwa, daidai lokacin da ake fara wasa, ya zauna kusa da wayarsa, tunda yanzu ba shi da abin kallo.

Bayan sallar magariba zan kira shi, in jingine wayar a tagar ɗakinsa, in je in ce wa Inna na manta wayata a can, ta taimaka ta cire min daga caji. Gwaggo zan ja ta gidan mai unguwa duba mai jego, ko tana so ko ba ta so, in rufo ƙofar gida. In na raka ta zan dawo kan dutsen in zauna. Ba zan leƙa ba, ba zan tambayi kowa a cikinsu me aka ce ba. Ranar Litinin kuma, in na kai mai Kazaure, zan tsaya in cike takardar neman makaranta karo na uku.